Allurar da Ba Ta Cika Ba

"Mama, me ya sa Gwaggo take karya allura da gangan?"

A cikin bas ɗin safe yarinyar ta yi tambayar, tana zaune a cinyar uwarta, da muryar nan tata da ba ta san a yi ƙasa-ƙasa ba. Gwaggon kuwa tana gefensu, kafaɗa da kafaɗa, ta rungume jakarta.

"Wace irin magana ce wannan?" in ji uwar. "Wa yake karya allura da gangan?"

"Gwaggo mana. Jiya na leƙa ɗakinta na gani. Da filaya take yi, ƙas, ƙas, sai ta zuba a gwangwani. Na ce ta ba ni ɗaya, ta kore ni."

Gwaggo ta yi dariya, ta ja kumatun yarinyar, jan da ya ɗan fi na wasa ƙarfi. "Aku ke nan, uwar surutu! Wannan bakin in ba a sa masa zif ba, wata rana sai ya sayar da mu duka. Tsofaffin allurai ne nake zubarwa, don kada irinku su taka."

Uwar ba ta ɗauki maganar da nauyi ba. Da bas ya tsaya a ƙofar makaranta ta sauke yarinyar, ta gyara mata wuyan riga, ta miƙa ta ga malamar da ke tarbar yara, ta dawo ta zauna.

A wurin aiki kowa Amarya yake ce mata, ko da yake 'yarta har ta shiga makaranta. Gwaggo ce ta jawo mata sunan. Yayar mijinta ce, gida ɗaya suke, ita ta samar mata aiki a wata masana'antar ɗinka bel, kuma ba ta taɓa kiranta da wani suna ba.

Da can ɗakin ɗinkin cike yake da kekuna, kowanne da mai shi. Yanzu an jera kekunan jikin bango an lulluɓe su da leda, an kafa injuna biyu a tsakiya, kowanne ya kai firjin shago girma. Ɗaya na Gwaggo, ɗaya na Amarya. Aikin mutum bai wuce ya jera fatun da aka yanka a gefen dama ba, ya cika tire da kawunan bel na ƙarfe, ya cika wani da 'yan zobban fatar nan da wutsiyar bel take shiga. Sauran duk na inji ne. Ya ja fata, ya zura zobe, ya sa kai, ya ninke, ya ɗinke, ya yanke zare, ya tofo bel a kwando, kafin ka ƙifta ido ya ja na gaba. In kwando ya cika, mata masu shirya kaya su ɗauka, su juye a babban tebur tare da na ɗaya injin, su naɗe, su jera a kwali.

Amarya ba ta ƙi injin ba. Tun da ya zo bayanta ya daina ciwo, kuma tana komawa gida da sauran ƙarfin da za ta duba wa yarinya aikin makaranta. Abu ɗaya ta rasa. A kan keke, hannu da kunne suna gaya maka lafiyar allura. A nan allurar tana bayan gilashi, ƙarar kuma ba ta barin mutum ya ji ko muryar kansa.

Makon nan bel ɗin yara ake yi, baƙaƙe, 'yan sirara, na kayan makaranta. Motar da za ta kwashe su da yamma za ta zo.

Ana dab da hutun rana jar fitila ta kama, injin Amarya ya tsaya. Zare ne ya tsinke. Ta buɗe gilashin, ta kama bakin zaren, ta ga ya yi buzu-buzu kamar an tauna shi. Ta kai yatsa bakin allurar. Babu tsini. Ya gutsure, ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe injin yake ɗinki da dungu.

Ta san yadda abin yake faruwa. Fata ta zame kaɗan, allura ta daki ƙarfen kan bel, tsinin ya tafi. In an yi sa'a ya faɗa ƙarƙashin farantin injin. In ba a yi ba, yana nan cikin ninkin fata, daidai wurin da bel yake danne cibiya.

Ta kwance farantin ta duba. Ta ɗauko mayen ƙarfe ta bi cikin injin da shi, ta bi ƙasa, ta durƙusa ta bi ƙarƙashin tebur. Ta samu kusoshi biyu da ƙura. Ta bi 'yan bel ɗin da suka rage a kwandonta da yatsa. Babu. Sauran kwandunan safe kuwa tuni suka zama kwalaye a bakin ƙofa.

Dokar wurin a sarari take. Ba a ba mutum sabuwar allura sai ya kai karyayyar sito a cike, kowane gutsure a manne jikin kati. In ba ta cika ba, a tsayar da duk abin da aka ɗinka, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da hannu. Na'urar gano ƙarfe ba ta da amfani a nan, tunda kowane bel da ƙarfensa a ka.

"Kin samu?" Gwaggo ce a tsaye a kanta.

"Babu, Yaya."

"To tashi, kina ta share musu ƙasa da gwiwa kamar an aiko ki." Ta waiga hagu da dama, ta zaro wani ƙaramin gwangwanin man shafawa daga aljihun rigar aikinta, ta buɗe a tafin hannu. Cike yake da tsinin allurai, gajeru da dogaye, suna ƙyalli. "Zaɓi wanda ya yi daidai, ki manna da salatif, ki kai sito. Baba mai sito idonsa ya yi rauni, kuma ko bai yi ba, ba ya son wahala."

Amarya ta tsaya tana kallon gwangwanin.

"Ashe gaskiya yarinyar nan ta faɗa."

"Ke, ki rage murya."

"Yaya, na yara ne fa. Na yara!"

"Na ce ki rage murya, kada ki tara min jama'a. Tsinin nan tsalle ya yi ya faɗa wani lungu. Kullum haka yake yi."

"Kin taɓa ganinsa a lungun?"

"Oho dai. Ni ban zo duniya neman tsinin allura ba. Karɓi mu wuce wurin."

Amarya ta cire dungun allurar daga injin, ta manna shi shi kaɗai a kati, ta ratse ta gefen Gwaggo ba tare da ta kalle ta ba.

Baba mai sito yana bayan tagarsa, ya sa gilashin ido a tsinin hanci. Ya karɓi katin, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya daɗe yana kallo.

"Amarya, wannan ai ba ta cika ba."

"Na sani, Baba."

Ya turo mata katin a hankali. "Je ki sake dubawa, 'yata. Wasu sukan koma, kafin in sha ruwa sun dawo da ita a cike."

"Na duba. Babu shi."

"Kin san abin da zai biyo baya in na karɓa a haka?"

"Ka karɓa."

Ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka ɗora wa kaya, ya ɗaga waya.

Mai kula da ɗakin ɗinki, ma'aikata Mai Agogo suke ce masa a bayan idonsa, domin ba ya iya gaisawa da mutum sai ya dubi tsintsiyar hannunsa. Ya iso da sauri, ya kalli katin, ya kalli kwalayen da ke jere a bakin ƙofa, ya dafe kai.

"Yau? Duk kwanakin duniya sai yau? Amarya, me na yi miki?"

"Ba ka yi min komai ba, ranka ya daɗe. Allura ce ta gutsure."

"To ta gutsure, ya faɗi ƙasa, an share. Shi ke nan. Baba, ba ta wata."

"Ba ya ƙasa. Na bi da mayen ƙarfe."

"Ko ya shiga takalminki. Ko ya bi iska. Ke kika gan shi ya shiga bel?"

"Kai ka gan shi bai shiga ba?"

Mata masu shirya kaya suka daina naɗi. Mai Agogo ya matso, ya rage murya. "Ki saurare ni. Masu shaguna suna jira, makarantu sun buɗe, na yi musu alkawarin yau. Watanni nawa ana aiki da injunan nan, ko sau ɗaya ba a taɓa tsayar da kaya ba. Sai ke?"

"Ka tambayi kanka dalilin da ba a taɓa tsayarwa ba."

Bai tambaya ba. Ya dubi agogonsa.

Zuciya ta ɗebe ta. Ta je wurin kwalayen, ta fizgi wuƙar yanka salatif daga hannun wata mai shiri, ta tsarge kwalin farko, ta juye shi a tebur. Bel suka watsu, kawunansu suna ƙara.

"Kin yi hauka ne?"

"Dokarku ce, ba tawa ba. Ga ta can a manne a bango, har da hoto."

Ya tsaya yana huci. Can ya ce, "To. Ki duba. Amma ba wanda zai bar aikinsa ya taya ki, kuma mota na zuwa za a loda, kin gama ko ba ki gama ba. Gobe kuma za mu yi maganar ko injin nan ya fi ƙarfinki. Akwai masu jira a waje."

Ta ja kujera ta zauna. Kowane bel sai ta kama kansa, ta tura ƙarfen baya, ta danna ɗinkin da babban yatsa, ciki da waje, ta lanƙwasa ninkin, ta sake dannawa, ta bi ɗinkin zoben, sannan ta jefa shi gefe. Fatar sabuwa ce, mai tauri. Kafin ta gama kwalin farko yatsanta ya yi ja.

"Amarya ta zama likitan bel," in ji wata mai shiri. "A gwada masa zazzaɓi ma."

"In kin gama ki zo ki duba min nawa kwankwason," in ji wata. Aka yi dariya.

Ba ta ɗaga kai ba. Tana tunanin yadda 'yarta take ɗaura nata bel ɗin, ta tsuke ciki, ta ja da ƙarfi har sai ya kai hudar ƙarshe, don ta nuna ta girma. Da yadda take kwanciya rubda-ciki a ƙasa in za ta yi zane. Yaro ba zai ce allura ce ba. Zai ce cikinsa na ciwo, a ce masa ya yi shiru, rigima ce.

Da ta tsarge kwali na biyu, wata dattijuwa daga cikin masu shirin ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta ɗauki bel ta fara dannawa.

Lokacin hutu kowa ya fita cin abinci, Gwaggo ta zo da kwanonta, ta dire shi a tebur.

"Kin kyauta. Kin gama da ni."

"Ban kira sunanki ba, Yaya."

"Sai kin kira? Ni na kawo ki wurin nan. Ni na durƙusa wa mutumin can na ce matar ƙanena ce, tana da hankali. Ga hankalin na gani."

"Tsini nawa kika manna daga gwangwanin nan?"

"Ke kin san mu nawa ne a ɗakin nan da? Ina suke? Waccan mai 'ya'ya biyar tana wankau. Waccan tana gida tana kallon bango. Mu biyu aka bari, don an ce inji ba ya tsayawa. Ranar da aka ga yana tsayawa kullum saboda ɗan tsini, kina tsammani injin za a kora? Ƙarfe ne yake dukan ƙarfe, allura dole ta karye. Ni na ƙera shi?"

"Na ce nawa kika manna?"

"Ban ƙirga ba!"

"To ni ma shi nake tsoro."

"Wa ya taɓa dawo da bel ya ce ya soke shi? Faɗa min, wa?"

"Wa zai san daga nan ne? Uwa ta ga jini a rigar yaro, ta ce faɗuwa ya yi. Yaya, ke kika yi wa 'yata wankan farko. In a cikinta ya shiga, haka za ki ce min, ba ke kika ƙera injin ba?"

Gwaggo ta miƙe. Ta ɗauki kwanonta. "Bari ƙanena ya dawo, zai ji irin matar da ya ajiye."

"Ni zan riga ki gaya masa."

Rana ta yi sanyi, injin Gwaggo yana ta tofo sababbi, na Amarya yana tsaye da jar fitilarsa. Babban yatsanta na dama ya kumbura, ta koma na hagu. Kwalayen da ta gama ba su kai rabi ba lokacin da aka ji babbar mota tana shigowa da baya, ana buga mata gefe ana cewa, "Zo, zo, ya isa!" Masu lodi suka shigo suna naɗe hannun riga. Mai Agogo yana gabansu.

A daidai nan ta ji shi.

Zafin ya tafi har gwiwar hannunta. Ta saki ƙara, ta ɗaga yatsa, jini ya taru a kansa kamar ɗan dutsen ado. Dattijuwar ta yi salati. Amarya ta lanƙwasa ninkin bel ɗin, sai ga shi ya leƙo ta ɓangaren ciki, ɓangaren da ke bin jiki. Aka kawo filaya ta zaro shi, ta ɗora a tafin hannu.

Mai cewa likitan bel ta kai hannu ta shafa cikinta.

"An samu!" in ji Mai Agogo, har da tafi. "Madalla, Amarya, aikinki ya yi kyau. Kun ga amfanin bin doka. A rufe kwalaye, a loda! Maza, maza!"

Ta so ta gaya masa magana, amma dai an samu. Ta tsotse yatsan, ta naɗe shi da ƙyalle, ta wanke fuska a famfo. Ta daɗe a tsaye ruwa na zuba a hannunta. Sannan ta nufi sito da tsinin a dunƙule.

Baba ya ɗauko katin ɗazu, ya ɗora tsinin a bakin dungun da ɗan hantsaki, ya jawo fitila. Ya juya shi. Ya sake juyawa. Ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Mene ne, Baba?"

Ya ɗauko sabuwar allura ya kwantar a gefe. Ko ita da ke wajen taga ta gani. Dungun da tsinin in an haɗa sun fi sabuwar tsawo. Karayar dungunta a miƙe take, ta tsinin a karkace.

"Wannan ba naki ba ne," in ji Baba a hankali.

"To na wa?"

Ya kawar da kai. "Da safe yayar mijinki ta kawo tata. A cike."

Amarya ta fizgi katin ta fita da gudu. A bakin ƙofar lodi babu kwali ko ɗaya, sai hayaƙin mota da bai gama bajewa ba. Mai gadi yana jan ƙyauren.

Ta sami Mai Agogo a farfajiya yana waya, yana dariya. Ta tura masa katin har kusa da hanci.

"Ka kira direba ya dawo. Ba nawa ba ne. Nawa yana cikin motar can."

Ya rufe bakin wayar da hannu, ya kalli katin ta gefen ido. "Tsini ɗaya kika ce ya ɓata?"

"Ɗaya."

"Ɗaya aka samu?"

"Na ce maka ba shi ba ne!"

"Ɗaya ya ɓata, ɗaya ya fito. Ni a wurina magana ta ƙare. Je ki karɓi allura ki tayar da injin, kin ɓata min yini." Ya juya mata baya ya ci gaba da wayarsa.

Ta koma ɗakin ɗinki. Gwaggo tana jera fatu, ba ta waigo ba, amma wuyanta ya sandare. Amarya ta tsaya a bayanta. Ta nuna mata yatsan da ƙyallen ya jiƙe da jini.

"Naki ne, Yaya. Nawa ya tafi."

Gwaggo ta kalli yatsan. Hannunta ya tsaya a kan fatun. Injin ya ja ta ƙarshe, ya ɗinke, ya tofar, ya ci gaba da lalubar iska.

Amarya ta cire rigar aiki ta rataye a jikin injinta, ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta tambayi mai gadi ina motar ta nufa.

"Babbar kasuwa, Amarya. Daga can kuma ko'ina. Kafin dare an raba su."

Ta kira mijinta ta ce ya ɗauko yarinya, ita za ta makara, in ta dawo akwai magana. Ta tsallaka titi ta tsaya inda bas ɗin kasuwa yake tsayawa. Ta san kasuwar tana da ƙofofi da yawa, ta san babu mai shagon da zai so wata mata ta zauna tana matsa masa kaya a gaban masu saye. Ta gwada babban yatsanta na dama a jikin jaka, ta ji zai iya ɗan ƙarawa. Bas ya taho, ta ɗaga hannu.

Ke da kike karanta wannan, in kin sayo wa yaronki sabon bel, kada ki miƙa masa daga leda. Ki zauna a inda akwai haske, ki tura ƙarfen baya, ki danna ɗinkin da yatsanki ciki da waje, ki lanƙwasa ninkin ki sake dannawa da ƙarfi. Kada ki ce ai inji ne ya ɗinka, ko ai an duba a can. In akwai abin da zai soki wani, yatsanki ya kamata ya fara samu, ba cikin ɗanki ba.